Idon Taru da Ƙofar Kuɓuta

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga mutanen Dakusa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Takeita, da na birnin Damagaram, da duk inda muryar nan ta kai. Manoma, sannunku da aiki. Iyayenmu mata da ke bakin murhu, a gaishe ku. Sarakunan ruwa da masunta kuwa, ranku ya daɗe, ku matso kusa da rediyo, don shirin na yau naku ne.

Yau teku za mu je. Na san wani zai ce, "Haba malam, ina mu ina teku? Tsakaninmu da shi wajen kilomita 1,000 ne." Gaskiya ne, baba. Amma a yi mini haƙuri kaɗan. Akwai wata matsala da masuntan teku suka shekara arba'in suna kokawa da ita, kuma ita ce dai ke bakin tafkunanmu, sai dai tasu ta fi girma, sun kuma riga mu gano bakin zaren. In mun gama da su, gida za mu dawo.

Wanda ya taɓa zuwa cirani Legas ko Kwatano ya san jatan lande. Ƙananan, waɗanda ake busarwa a daka a zuba a miya, yawanci masu kwalekwale ne ke kama su a bakin koguna, can wajen Oron a kudancin Najeriya. Manyan kuwa, waɗanda ake daskarewa cikin ƙanƙara a kai Turai, jiragen ruwa masu inji ne ke kamo su, kuma kan waɗannan jirage za mu fara magana.

Jatan lande a ƙasan teku yake zaune, cikin taɓo da yashi. Don haka tarun da ake kama shi da shi ba a shimfiɗa shi a jira. Ja ake yi. Doguwar jaka ce mai faɗin baki, tana tsukewa har gindi. A kowane gefen bakin akwai wani babban allo na katako ko na ƙarfe, wanda ƙarfin ruwa ke turawa waje, bakin ya zauna a buɗe. A gaba kuma akwai sarƙa da ke shara ƙasa, tana firgita jatan lande ya yi tsalle ya faɗa ciki. Jirgi na tafiya a hankali, kamar kilomita 5 a awa, ya yi awa biyu, uku, wani lokaci huɗu yana ja kafin a ɗago.

To, jatan lande ƙaramin abu ne, dole idon tarun ya zama ƙarami. A dokar Najeriya ta 1992, milimita 44 aka yarda wa gindin tarun jatan lande, alhali na kifi milimita 76 ne. Ke nan duk abin da bakin nan ya tarar a hanya ya shiga, ba fita: ƴaƴan kifi, kaguwa, macijin ruwa, kifin shak, da kunkurun teku.

Ku kwatanta lokacin da aka ɗago jakar. Ana kwance igiyar gindi, komai ya zube kan jirgi tuli guda. Ma'aikata su tsuguna suna tsintar jatan lande da hannu, suna jefawa a kwando. Sauran tulin, wanda sau da yawa ya ninka abin da ake nema sau biyar ko fiye, na ƙasa ya riga ya mutu saboda danniya, na sama yana shure-shure a rana. Kafin a gama tsinta shi ma ya tafi. Sai a sa shebur a tura su cikin ruwa, tsuntsaye na biye da jirgi suna shagali. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da wani rahoto a 2005 da ya ƙiyasta cewa kifin da ake zubarwa haka a duniya ya kai tan miliyan 7.3 a shekara, kuma fiye da kashi 27 cikin ɗari na wannan ɓarna daga jiragen jatan lande na ƙasashe masu zafi take fitowa.

Abin da nake so a riƙe tun daga nan shi ne wannan: tsintar da aka yi a kan jirgi ba ta ceci kifi ko ɗaya ba. Ma'aikacin nan ko da waliyyi ne, gawa yake mayarwa ruwa. In ana son ɗan kifi ya rayu, tun yana cikin ruwa za a raba shi da abin da ake nema, kuma ba mai iya wannan aiki sai tarun kansa. Saƙarsa da ɗaurinsa su ke yanke hukuncin wanda zai mutu da wanda zai wuce.

(Gajeren kiɗa)

Dabara ta farko ba daga jami'a ta fito ba. A jihar Jojiya ta Amurka akwai wani masunci, Sinkey Boone, wanda wata halittar ruwa mai laushi da santsi ta addaba, tana cika masa taru tana danne jatan lande. Sai ya ƙera wani shinge na sandunan ƙarfe ya ɗinka shi a cikin taru, kafin a kai gindi, a karkace, ya kuma yanka ƙofa a jikin tarun daidai inda sandunan suka ƙare. Aikin rariya yake yi: abin da ya fi tsakanin sanduna ƙanƙanta ya wuce cikin jaka, abin da ya fi girma ya zame bisa sandunan har ƙofa, ya fita abinsa. A Nowe ma haka aka yi. Masuntan yankin Nordmore ne suka fara irin wannan shinge don maganin halittar nan dai, masana suka zo suka gyara shi, aka tsayar da milimita 19 tsakanin sanda da sanda, aka wajabta shi a farkon shekarun 1990. Can jatan landensu ƙanana ne, saboda haka shingen na iya fitar da kifi mai yawa.

A Amurka kuwa kunkurun teku ne ya tayar da maganar. Kunkuru iska yake shaƙa kamar mu. In ya faɗa taru aka yi awa uku ana jansa a ƙarƙashin ruwa, nutsewa yake yi ya mutu. Akwai wani irinsa da ke yin ƙwai a gaɓar Meziko, wanda a 1985 gurbin ƙwansa 702 kacal aka ƙirga. Hukuma ta ce dole kowane jirgi ya sa shinge, tsakanin sanduna kada ya wuce inci 4, wato wajen santimita 10.

Kada ku ɗauka da tafi aka karɓi wannan doka. A 1989 masu jirage suka toshe hanyoyin shiga tashoshin ruwa a jihar Tekzas don nuna fushi. Jihar Luwiziyana ma doka ta yi a 1987 ta hana jami'anta tilasta wa kowa, ba ta soke ta ba sai 2015. Kukansu ɗaya ne, kuma kukan kowane masunci ne a duniya: "Ka ce in huda taruna da hannuna?" Ni ban ga laifinsu ba a wannan tsoro. Mutumin da ya ci bashin mai ya fita teku, ka ce masa ya bar ƙofa a buɗe a jakarsa, dole gabansa ya faɗi. Kuma shingayen farko da hukuma ta kawo manya ne, masu nauyi, masu wuyar sarrafawa. Sai da aka koma ga irin na masunta, marasa nauyi, sannan hankali ya fara kwanciya. Da shingen, da kuma gadin gaɓar da kunkurun ke yin ƙwai, zuwa 2009 gurbin nan da ya sauka 702 ya haura wajen 20,000.

Shinge yana fitar da manya. To ƴaƴan kifi fa, waɗanda girmansu ɗaya da jatan lande? Su ai za su bi tsakanin sanduna su faɗa jaka. A nan sai aka duba halin kowanne. Jatan lande ba gwanin iyo ba ne. In ya shiga taru, ruwa ke mirgina shi har gindi. Kifi kuwa yana juyowa ya fuskanci ruwa, yana iyo yana neman inda ƙarfin ruwan ya ragu. Sai aka buɗe ƴar taga a saman jaka, aka riƙe bakinta da zoben ƙarfe, tana kallon baya. Bayan zoben ruwa na lafawa, kifi ya raɓa wurin don ya huta, ya ga haske, ya fice. Jatan lande kuwa ya riga ya wuce ta ƙasa.

Dabara ta uku ita ce ta fi burge ni, don ba ƙarfe ba waldi, kuma kowa zai iya gwada ta yau a gida. Masunci, ɗauko guntun tsohon taru. Kama shi ta tsawonsa ka ja. Me ka gani? Idanun sun tsuke sun zama tsaga, wanda ɗazu yatsu uku ke shiga yanzu ko ɗaya ba ya shiga. Haka ke faruwa a gindin taru in kaya ya yi nauyi. A takarda idon milimita 44 ne, a cikin ruwa kuwa a rufe yake. Yanzu juya guntun, ka riƙe shi ta yadda zaren zai tafi a miƙe, wasu a tsaye wasu a kwance, kowane ido ya zama murabba'i mai kusurwa huɗu daidai. Ja kuma. Idon bai rufe ba. Zare ɗaya, saƙa ɗaya, yanka da ɗauri kawai suka bambanta. Irin wannan ƙyallen ake ɗinkawa a saman jaka, ko a yi gindin gaba ɗaya da shi, ƙananan kifi su samu hanya.

Ostareliya ta wajabta shinge da taga a babban wurin kamun jatan landenta na arewa a shekarar 2000, masana kuma suka bi jirage suna aunawa. Kunkurun da ake kamawa ya ragu da kashi 99 cikin ɗari. Jatan landen da ake samu ya ragu da kamar kashi 6, amma wanda ke zuwa a farfashe ya ragu sosai, tunda ba manyan dabbobi da ke murƙushe shi a jaka, kuma lafiyayyen ya fi kuɗi. Ƙananan kifi kuwa ragin da aka samu a farko ɗan kaɗan ne. Na faɗi wannan don kada a ce mun zo tallar magani mai warkar da kowace cuta. Fitar da babba abu ne mai sauƙi, fitar da ƙarami shi ne aikin, har yau ana kan gyara.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta shiga wannan labari ta ƙofar kasuwa. Tun 1989 Amurka ta yi doka cewa ba za ta sayi jatan lande daga ƙasar da jiragenta ke kashe kunkuru ba. Indiya da Pakistan da Maleshiya da Tailan suka kai ta ƙara hukumar ciniki ta duniya, aka yi shari'a a 1998, Amurka ta gyara yadda take aiwatar da dokar amma ba ta janye ta ba. A 2004 aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da aka yarda da su, saboda dokar shinge tana takarda amma ba ta cikin ruwa. Sai da aka horar da ma'aikatan jirage, da taimakon cibiyar binciken teku da ke Legas da wani shirin FAO, sannan aka mayar da ita a 2007.

Sai dai a gaɓar Afirka ta Yamma akwai wani ƙulli da babu shi a Ostareliya. A nan ƙananan kifin ba zubar da su ake yi ba, sayar da su ake yi. Masu kwalekwale na tarar jirgi a tsakiyar ruwa su saya, mata su banda, talaka ya ci. Ma'aikacin jirgi da albashinsa bai taka kara ya karya ba, da wannan cinikin yake cike giɓi. Ka ce masa ya buɗe taga, ka taɓa aljihunsa ke nan. In ba a lura ba, yana fita daga tasha zai sa allura ya ɗinke ta. Ga shi kuma ƴaƴan kifin nan su ne manyan da masu kwalekwalen za su nema baɗi su rasa. Wannan ƙullin, jama'a, shi ne namu sak.

(Gajeren kiɗa)

Mu dawo gida. A jihar Damagaram muna da tafkunan da ba sa ƙafewa, irin na Gidimuni da na Lasuri, da na kwarin Korama, ga madatsun ruwa da aka gina, ga tafkunan damina da ke riƙe ruwa wata huɗu ko shida. Da yawansu an zuba musu irin kifi, karfasa da tarwaɗa, wani wurin har giwan ruwa. Ba mu da jirgi mai inji, amma muna da taru mai ja daga gaɓa, muna da birgi, muna da kalli, muna da gura. Kuma duk wanda ke zuwa kasuwa ya ga tiya cike da ƴaƴan karfasa waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba, an soya ko an busar, ana sayarwa arha.

Ku san rayuwar karfasa kaɗan. Namiji ne ke share gurbi a ƙasan tafki, a wuri marar zurfi. Mace ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su a bakinta, ta riƙe su kwana goma ko mako biyu, ba ci ba sha, har su ƙyanƙyashe. Ko bayan nan, in ƴaƴan suka ji motsi, bakin uwa suke komawa. Masunci ya san wannan, don ya sha ɗago karfasa ya ga ƙwai na zubowa daga bakinta. Tarun da ake ja a ƙasa, ta bakin gaɓa, gurbin yake sharewa, ya kwashe uwa da abin da ke bakinta. Tarwaɗa kuwa farkon damina take jira, in ruwa ya malala cikin ciyawa ta hau can ta yi ƙwai, kuma a lokacin ne ta fi sauƙin kamu, har yara na bugunta da sanda.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifi ta ƙasarmu ta watan Disamba 1998 ta hana guba da abubuwan fashewa, ta hana tarun da ke sharar ƙasa, ta kuma hana duk tarun da idonsa bai kai yatsu uku ba, wato santimita 6 in an ja shi ya miƙe. Abin da ya yi mini daɗi a dokar nan shi ne da awon masunta ta yi magana, ba wanda zai ce ba shi da abin gwaji, tunda hannunsa na jikinsa. An sabunta dokar a 2021, aka haɗa da kiwon kifi. Mai son sanin hukuncin wurin da yake su, ya je wurin ma'aikatan gandun daji na kwaminsa, su ne ke da alhakin ruwa da abin da ke cikinsa.

Amma girman ido shi kaɗai bai gama magana ba, kamar yadda muka gani a teku. Ɗauki kalli. Kalli na kama kifin da kansa ya shiga ido amma jikinsa ya ƙi wucewa, zare ya sarƙe shi a bayan kunne. Ƙarami ya wuce sumul, wanda ya yi girma ƙwarai ya bugi taru ya koma. Shi ya sa kalli ya fi kowane taru iya zaɓe. To sai dai wannan zaɓen ya dogara ga yadda aka ɗaura shi a igiya. In ka ɗaura shi da kyau, misali taru mai tsawon gaba 100 in an miƙe shi ka zaunar da shi kan igiya mai gaba 50, idanun za su buɗe daidai. In kuwa ka tattara shi da yawa, ya yi lako-lako yana ninkewa a ruwa, ya daina kamu ta kunne, ya koma naɗe duk abin da ya taɓa shi, babba da ƙarami, har kwaɗi da kififiya da tsuntsun ruwa. Mutum biyu za su sayi bandir ɗaya a shago ɗaya, yatsu uku-uku, ɗaya ya yi su, ɗaya ya yi ɓarna.

Gura ma haka. Gurar Mali da ta cika Tafkin Cadi da kogin Yobe, wadda ake jerawa ɗaruruwa a tare hanyar kifi, da taru mai ƙaramin ido ake lulluɓe ta, duk abin da ya shiga ya zauna. Ba sai an jefar da ita ba. A yanke tafin hannu biyu daga lulluɓin, can ƙasa-ƙasa inda ƙananan ke zagayawa, a maye gurbin da ƙyallen taru mai yatsu uku, a ɗinka shi a miƙe yadda idon zai tsaya murabba'i. Ita ce dai tagar nan ta jiragen teku, ta zo bakin tafki ba tare da an biya ko dala ba.

Sai babbar magana, gidan sauro, wato sange. Tun rabon da aka yi a duk faɗin ƙasar nan a 2005 da 2006, da waɗanda suka biyo baya, kusan ba gidan da sange bai shiga ba, kuma ya ceci rayukan yara da mata masu ciki, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo. Amma an mayar da wasu taru. Idon da aka saƙa don ya hana sauro wucewa, wane ɗan kifi ne zai wuce shi? Ƙwai ma ba ya wucewa. Ga shi kuma an jiƙa zaren da maganin ƙwari, irin wanda kifi ba ya jurewa ko kaɗan, a saka shi cikin ɗan tafkin da dabbobi ke sha, mutane ma na ɗiba. Asara biyu ke nan: yaro ya kwana sauro na cizonsa, tafki kuma ya tashi ba iri. Iyayenmu mata, a nan ku muke roƙo, don yawanci yara ne ke sulalewa da shi da hantsi, kuma ku ne kuka san adadin sangen da ke ɗakinku.

An taɓa yin irin wannan a tafkin Kainji na Najeriya, wanda aka tare a 1968, inda Sarkawa da sauran masunta Hausawa suke da yawa. Akwai wani ɗan mitsitsin kifi da ake kira warangi, wanda ko ya tsufa ba ya girma, kuma halal ne a kama shi. Amma tarun da ake jansa da shi daga gaɓa idonsa kusan na sange ne, yana kwaso ƴaƴan karfasa da na giwan ruwa tare da shi. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus ya auna ɓarnar, aka hana wannan taru, aka kuma sa sarakunan gargajiya da sarakunan ruwa a gaba wajen tsare dokar. A ganina wannan shi ne daidai. Ma'aikacin gandun daji ɗaya da babur ɗaya ba zai iya gadin tafki ashirin ba. Sarkin ruwa kuwa ya san kowa da tarunsa, ya san wanda ya fita da dare. Kuma hana su na wani lokaci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Kabi, ba a shiga wasu ruwaye sai an yi fashin ruwa, kowa ya shiga rana ɗaya. Bikin Argungu da duniya ta sani tun 1934 kan wannan al'ada ya tsaya, kuma manyan giwan ruwan da ake fitarwa a ranar, hutun da aka ba ruwan ne ya girmar da su.

Yanzu bari in tare wata tambaya kafin a aiko mini da ita. Wani dattijo zai ce, "Ɗana, tafkinmu watan Maris yake ƙafewa. In na bar ƴaƴan kifi, wa na bar wa? Balbela da shamuwa?" Baba, ka yi gaskiya, kuma duk wanda ya ce maka ka bar kifi ya mutu a taɓo bai san tafki ba. In ban da gaiwa da ke binne kanta ta jira damina, da tarwaɗa da ke jure taɓo na ɗan lokaci, sauran duk mutuwa za su yi. A irin wannan tafki maganar lokaci ce. Daga cikar ruwa zuwa bayan kaka a bar shi ya huta, ko a yi su da babban ido kawai. Karfasa na saurin girma a ruwa mai ɗumi, wadda ka bari a watan Satumba tana tsawon yatsa, kafin sanyi ya wuce ta cika tafin hannu. In ruwa ya ja baya sosai, an ga alamar ƙafewa, sai a yi gayya a kwashe duka. Kuma a nan ne ƙananan ke da daraja fiye da ta tiya: in an ɗebe su da rai, da sassafe kafin rana ta yi zafi, cikin jarka ko tukunya da ruwan tafkin, ana iya kai su wani ruwa mai zama su zama iri. A nemi shawarar ma'aikata kafin a yi, don ba kowane kifi ake zubawa a kowane ruwa ba.

Akwai kuma akasin haka, wanda masu madatsun ruwa suka sani. In karfasa ta yi yawa a rufaffen ruwa, ba mai cin ta, sai ta riƙa haihuwa tun tana ƙarama, abinci ya kasa, duk su tsumbure. Ka shekara kana jira ba ka ga babba ba. Maganin wannan shi ne a rage su da gangan, a lokacin da aka yi shawara, ko a sa musu tarwaɗa ta riƙa rage ƴaƴan. Amma wannan hukunci ne na masu tafki gaba ɗaya bayan an duba, kada kowa ya mayar da shi hujjar ɗauko sange.

Abu na ƙarshe, tarun roba mai zare ɗaya, wanda ya cika kasuwa saboda arha. Kifi ba ya ganinsa, yana kamu ƙwarai, amma ba ya ɗinkuwa in ya yage, kuma ba ya ruɓewa. Wanda aka yar a ruwa yana nan yana kamu wata da watanni ba mai ɗagawa, kifi ya mutu a ciki, warinsa ya jawo wani, shi ma ya sarƙe. Awaki da shanu ma na sarƙe ƙafa a ciki in sun zo shan ruwa, rigimar masunci da makiyayi ta tashi a kan abin da bai kai ya kawo ba. In tarunka ya mutu, fito da shi daga ruwa, ka cire igiya da darma da abin yawo don su yi maka wani aikin, sauran ka kai shi nesa da gaɓa. Tsohon sangen da ya huje kuwa, a kewaye irin tumatir ko na kabeji da shi, ya tsare su daga kaji da fara.

Lokaci ya cimma mana. Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman ku sarakunan ruwa da kuka fi mu sanin halin tafkunanku, ƙofar gidan rediyon nan a buɗe take, za mu karanta saƙonku a shiri na gaba, inda za mu yi magana kan bandar kifi da yadda za a rage itacen da take ci. Allah ya ba da sa'ar su, ya tsare mu da sharrin ruwa.

(Kiɗan rufe shiri)